Ƙurar hunturu ta shiga kyamarata, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A jakar goyo ɗaya nake zuba laftof, caja da kyamarata Canon 700D, don in na samu sarari hoton tsuntsaye nake ɗauka. Tun shigowar hunturu ɗigo uku baƙaƙe ke fitowa a kowane hoto, musamman in na ɗauki sararin sama a f/16, wato in na ƙanƙance ƙofar shigar haske. Na goge gilashin gaba da baya, na hura sensa (ɗan farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara) da ɗan famfon roba har sau biyu, suna nan daram. Wani mai gyara ya ce zai goge sensar da auduga, raina bai kwanta ba.

Don Allah wa ya taɓa goge sensa da kansa, kuma da me? Sannan wace irin jaka ce ke tare ƙura a kan babur?