Don Allah ku ba ni shawara kan ƙaramar kyamarar nan

Ɗan Dilimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa, wallahi tun ranar Asabar raina a dagule yake. Na daɗe ina ɗaukar hoton biki da suna da babbar kyamara, kafaɗata ta fara ciwo, kuma in na shiga kasuwa da ita sai a ɗauka ɗan jarida ne kowa ya tsuke fuska, shi ne na sayar da gilashin kyamara ɗaya na haɗa da kuɗin adashe, ƙanin matata da ke Legas ya nemo min Ricoh GR III ta hannu, har sai da muka ɗan samu saɓani a gida don kuɗin haya aka so a ajiye. To mun fita zagayen ɗaukar hoto da 'yan ƙungiya daga Terminus a nan Jos muka bi Ahmadu Bello Way, rabin hotunan duk dishi-dishi, batir ya mutu kafin mu kai Masallacin Juma'a, wani mai lemu kuma ya tare ni sai da na goge hotonsa a gabansa. Asabar mai zuwa Farin Gada za a je. In sayar ko in ci gaba?

Mai Canon:
Sayar da ita kawai. Kyamarar da ba ta da zum, ba wajen kafa ido, gilashinta 28mm ne ba ya canzuwa, dole sai ka shige jikin mutum, ba dole mai lemu ya tare ka ba? Ga hunturu, gilashin yana shiga yana fita yana jan ƙura, in ta hau sensa, wato inda hoto ke sauka a cikin kyamara, wa zai buɗe maka ita a Jos?

Maman Ikram:
Yaya ba laifin kyamara ba ne, ka yi sallama? Ni a Farin Gada sai na tsaya na tambayi kuɗin kabeji mun yi hira kafin in ɗaga. Abin da ke damuna da fitar nan ma sauri, maza su yi gaba su bar mu a baya, rannan ni kaɗai aka bari a Katako ba wanda ya kira ni.

Ɗan Dilimi:
Hajiya in na yi sallama mutum gyara tsayuwa yake, ni kuma ba irin hoton da nake so ba kenan, shi ya sa ma na sayi ƙaramar.

Abban Sadiq:
Ba ka faɗa mana saitin da ka sa ba malam. Ka kunna snap, wato saitin da ke tsayar da fokas a nisa ɗaya, ka ajiye a mita 2.5, buɗewar gilashi f/8, saurin ɗauka kar ya gaza 1/250 na daƙiƙa, ISO, wato ƙarfin karɓar haske, ka bar mata. Batirinta kuwa hoto wajen 200 yake yi, ka nemi na biyu, kuma tana caji da USB-C.

Mai Canon:
Ka ji ko, ƙarin kashe kuɗi. Na gaya maka tun wuri ka rabu da ita kafin ƙura ta karya mata daraja. Ni da aka min haka da wani mai gyara, wata guda kyamarata na hannunsa ya dawo min da ita da tabo.

Ɗan Dilimi:
Oga ai ba da ka na saya ba, na yi bincike sosai, kuma hotuna biyu da na ɗauka na wata dattijuwa mai gasa masara hayaƙi na tashi ban taɓa samun irinsu da babbar ba. Abban Sadiq a oto na bar ta. Amma yanzu wa ya san inda zan samu batirin a garin nan kafin Asabar?

Maman Ikram:
Ƙarfe nawa ma aka ce za a haɗu?