Manhajar AI mai jin ra'ayin ma'aikata, akwai wanda ya gwada a nan Kano?

Ɗan Sharaɗa:
Salam 'yan uwa. Ni ke riƙe da ɓangaren ma'aikata a wata masana'antar roba, oga ya dawo daga Legas ya ce lallai sai mun sa manhajar nan ta AI mai tura wa ma'aikata tambayoyi a waya duk sati, wai za ta gano wanda aiki ya fita ransa tun kafin ya ajiye. Yadda aka mana bayani tambayoyin ba iri ɗaya ba ne, in mutum ya ce aikin dare ke damunsa sai ta bi shi da tambaya kan daren, mota ce babu ko kuɗin obataim ne, daga nan ta tattara ta ba manaja shawara. To da yawan mutanenmu ƙaramar waya ce da su kuma Turancin sai a hankali. Don Allah abin nan yana aiki ko kuɗi kawai za mu ƙona?

Baban Mama:
Mun yi amfani da irinta a ofishinmu. Manyan su ne Viva Glint ta Microsoft, Peakon ta Workday da Culture Amp, kuma da dala ake biya bisa yawan ma'aikata, ka fara lissafa wannan tukuna. Gaskiya tana da amfani wajen karanta ɗaruruwan amsoshi ta ware maka su, wannan kukan albashi ne wannan na sufabaiza ne, aikin da zai cinye maka sati. Kuma matsalar ba taku ba ce ku kaɗai, binciken Gallup, kamfanin jin ra'ayin jama'a na Amurka, ya ce a 2024 kashi 21 cikin 100 ne kacal na ma'aikatan duniya zuciyarsu ke kan aikinsu. Amma mu abin da ya faru, watan farko kowa ya cika da ɗoki, an yi ta kukan fankar ɗakin hutu da ta mutu, aka shiga wata na uku fanka na nan yadda take, shi kenan mutane suka koma danna maki 5 5 5 a kowace tambaya su rufe.

Mai injin Challawa:
Oga da girmanka, sai na'ura ta gaya muku? Mafi ƙarancin albashi dubu 71 gwamnatin Kano ta sa wa ma'aikatanta a 2024, wasu kamfanonin ma ba su kai nan ba, ka cire kuɗin adaidaita daga Rijiyar Lemo zuwa Sharaɗa kullum ka ga me ya rage. Wallahi ku zauna da mu bayan azahar minti goma za ku ji komai kyauta.

Anti Hajjo:
Ɗan'uwa Mai injin ai a gaban oga ba wanda zai buɗe baki, kai ma ka sani, kowa "lafiya lau ranka ya daɗe" zai ce. Amfaninta kenan, sirri. Sai dai ka tambayi masu sayarwa abu biyu. Mutum nawa ne za su amsa kafin manaja ya ga sakamako, galibi biyar ake sawa, don in sashe mutum uku ne ai an san wa ya yi magana. Sannan su gwada ta da Hausa a gabanka, irin wadda muke rubutawa haɗe da Turanci, don mutum zai rubuta "to Allah ya kyauta" ransa a ɓace ita kuma ta lissafa shi cikin masu jin daɗi. Kar ka manta da dokar kare bayanai ta 2023, sai kun sanar da ma'aikata me ake tarawa da wa zai gani.

Ɗan Sharaɗa:
Na gode ƙwarai. Anti maganar sirrin nan ce ta tsaya min, don oga har cewa ya yi yana so ya riƙa ganin sunaye.

Anti Hajjo:
Tab. To in da sunaye ne kar ma ku sayi komai, ba mai faɗa muku gaskiya. Ka lallaɓa shi ku fara da Google Forms tambaya uku da Hausa ba suna, masu ƙaramar waya a ajiye musu akwati da takarda a bakin get, ku ga ko zai iya gyara abu ɗaya kafin albashin wata mai zuwa.