Shawarwari kan rubuta bayanin hoto domin makafi

Masu wallafa littattafai da labarai a intanet da suka tattauna wannan batu sun fi jaddada cewa bayanin hoto, wato gajeren rubutun da ke faɗa wa makaho abin da ke cikin hoto, aikin edita ne tun daga farko, bai kamata a jira sai an gama tsara shafi ba. Manhajojin da ke karanta wa makafi rubutu, irin su NVDA da JAWS a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android, bayanin da aka liƙa wa hoto suke furtawa, idan kuma babu shi sukan karanto sunan fayil, wanda sau da yawa tarin lambobi ne.

An fi daɗewa a kan abin da ya kamata a ambata. Hoton manomi a gonar masara, idan labarin na tsutsa ne, ramukan jikin ganye ne abin faɗi. Idan kuwa na farashin taki ne, buhun da ke gefensa ya fi muhimmanci. Ba sai an fara da cewa hoto ne ba, tunda manhajar kan sanar da hakan. Hoton da aka sa don ado a bar gurbin bayaninsa babu komai, domin manhaja ta tsallake shi. Taswira da jadawalin ƙididdiga kuma a ba su gajeren bayani, sannan cikakke a cikin rubutun.

Bayanin da na'ura ke ƙirƙira an amince a ɗauke shi a matsayin daftari kawai, kuma a ganina hakan ya dace, domin na'ura ba ta san manufar marubuci ba. An kuma tunatar da masu sayar da littattafan lantarki a Tarayyar Turai cewa dokarta mai sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da irin waɗannan littattafai ta fara aiki ranar 28 ga Yuni, 2025.