Aikin buro ne ke sa mata ƙiba, ko cimarmu ce?

Sakatariya: Ni dai ina nan a kan bakana, aikin buro ne ke jawo mana ƙiba. Da safe kabu-kabu zai ɗauke ki daga Garin Malam ya dire ki bakin ƙofa, ki zauna gaban kwamfuta har la'asar, salla kaɗai ke tayar da ke. Zannuwan da na ɗinka kafin in kama aiki, yau ko ɗaya ba ya shiga na.

Hajiya mai shago: Ƙanwata, mu da ba mu taɓa shiga buro ba fa? Leƙo layinmu a Kasuwar Dole ki gani. Fanke da shayi da safe, shinkafa tana iyo cikin mai da rana, zafi ya taso a aiki yaro ya kawo lemu mai sanyi. Bakinmu ne, ki daina ɗora wa aiki.

Ungozoma: Ku duka biyun kuna da gaskiya, amma ta Hajiya ta fi nauyi. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce wajen giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ba a ma lissafa shayin ba. Mace mai tsayin mita 1.60, in ta kai kilo 64 nauyi ya fara yawa, kilo 77 kuwa ta shiga ƙiba. Ku auna ƙugu ma: ya zarce santimita 88, hawan jini da ciwon sukari sun matso.

Malamar lakwal: Yaya, ni a tsaye nake yini gaban allo, amma tun jegon fari jikina bai koma ba. Kuma ku faɗi gaskiya, matar aure ta rame a Damagaram, me dangin miji za su ce? Ai cewa za a yi ba ta samun kulawa.

Inna: A ce mata ramammiya mana! Mace sai da jiki. Mu mun ci tuwo da man shanu, ba abin da ya same mu.

Ungozoma: Inna, ku kun yi surfe da daka, kun ɗebo ruwa a ka. Mu inji ke mana niƙa, ga-ruwa ke kawo ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma shi ne ƙwayar ƙiba ta sha-ka-fashe da 'yan mata ke saye a tebur gab da biki. Galibi dexamethasone ne, wani maganin kumburi mai ƙarfi. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, a ce amarya ta yi kyau, alhali sukari da jini suna hawa, ƙashi yana raunana.

Sakatariya: Na ji, amma minti 150 na motsa jiki a mako da ku ma'aikatan lafiya kuke faɗa, yaushe? A watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ga girki yana jira. Har yanzu ina ganin laifin aikin.

Hajiya mai shago: Bayan asuba mana. Minti 30 ne, kwana biyar. Ki samu maƙwabciya ku fita tare, bakin mutane zai mutu.

Malamar lakwal: Yaya, ƙanwar mijina tana shan ƙwayar nan. In ce ta daina yau?

Ungozoma: A'a, in ta daɗe tana sha, yankewa lokaci guda yana da haɗari. Ki kai ta likita da kwalin a hannu, a auna mata sukari da jini, a riƙa rage mata sannu a hankali.