Zuwa Maroko karatun taurari: wa ya taɓa zuwa?

Ɗalibar Fizis: Salam 'yan uwa. Na samu gurbin kwas na sati shida a Maroko. Rabi a wurin hangen taurari na Oukaïmeden, kan dutsen Atlas kusa da Marrakesh, rabi a Fas kan tarihin ilmin falaki da tsofaffin littattafan Larabci. An biya kuɗin makaranta, jirgi da abinci ne a kaina. Baba ya ce sai na kawo lissafi. Nawa zan tanada?

Baban Ilham: Ki tafi Masar kawai, ta fi araha.

Ɗalibar Fizis: Baba, gurbin na Maroko ne fa.

Maman Biyu: Ƙanwata, ki yi hattara. Ƙanina wani ejan ya karɓe masa fasfo da kuɗin gonar gadonmu, wai zai kai shi karatu. Wata bakwai muna sintiri. Ranar ƙarshe muka tarar da ofishin ya koma shagon cajin waya, allon sunan ma an juya shi an rubuta farashi a baya. Har yau mahaifiyarmu ba ta son jin zancen.

Ɗan Maraɗi: Allah ya mayar da alheri. Ni na je Fas. Jaka ɗari biyu na sefa ta riƙe ni wata guda. Ki nemi ganin ɗakin mai ƙididdige lokutan salla a Ƙarawiyyin, masallacin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859.

Sarkin Yawo: Jaka ɗari biyu? Wace shekara? Ni ko masauki ba ta biya min ba. Kuma dutsen nan na Oukaïmeden ya haura mita 2,500, sanyinsa sai rigar sanyi biyu.

Ɗan Maraɗi: Kai otal ka kwana, ni da ɗalibai na zauna. Shawarar ɗan yawon buɗe ido daban.

Na Ƙofar Mata: Ki zo unguwarmu, kwana huɗu ba wuta. Kaza da 'ya'yanta tar, kyauta.

Baban Ilham: Wai ba duba ba ne wannan karatun?

Malam Ƙarami: A'a Alhaji, falaki daban, bokanci daban. Da falaki ake gane alƙibla. Da muna da masu shi da yawa, da ba a yi salla biyu a gari ɗaya ba.

Maman Biyu: Bara a gidanmu ma haka aka yi, maigida na azumi, surukata na rabon tuwon salla.

Sarkin Yawo: To wa ya ga watan?

Ɗalibar Fizis: Jama'a, kuɗin jirgin fa?