Wireshark ba ya ganin fakitin shirina, kuma saƙonni biyu suna isowa a manne

Ɗan_Koyo:

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyon rubuta shirin soket da Python a kan Ubuntu. Shirye-shirye biyu na rubuta a kwamfuta ɗaya: saba mai sauraro a 127.0.0.1, ƙofa ta 9090, da mai kira wanda ke haɗuwa da ita ya aika "sannu", nan take ya bi da "yaya aiki". Shirin yana aiki, amma na buɗe Wireshark, manhajar kama fakitocin da ke wucewa ta hanyar sadarwa, na zaɓi katin Wi-Fi, ban ga ko fakiti ɗaya nawa ba. Sannan recv(1024) a wajen saba wani lokaci yana ba ni "sannuyaya aiki" a haɗe. Idan kuma na tsayar da sabar da Ctrl+C na sake kunna ta, sai ta ce "Address already in use". Don Allah a fahimtar da ni.

Mai_Kebul:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da kamun, domin in ka iya shi, sauran biyun da idonka za ka ga amsarsu.

Duk abin da aka aika zuwa 127.0.0.1 ba ya taɓa katin Wi-Fi. Kanel, wato zuciyar Linux, ce ke juyo da shi a cikin gida ta wata mahaɗa ta musamman mai suna lo. Ita za ka zaɓa a Wireshark. In ba ta bayyana a jerin ba, izini ne ba ka da shi. Kada ka kunna Wireshark gaba ɗayansa da sudo, domin shiri ne mai ɗauke da ɗaruruwan masu fassara fakiti, kuma kuskure a ɗaya daga cikinsu zai samu cikakken iko a kan na'urarka. Yi haka:

sudo dpkg-reconfigure wireshark-common
sudo usermod -aG wireshark $USER

Amsa e ga tambayar da ta fito, ka fita daga asusunka ka sake shiga. Masu Windows kuwa Npcap suke buƙata, shi ke samar musu da mahaɗar kamun cikin gida.

Rariyar tace fakitoci a Wireshark iri biyu ce, kuma nan masu koyo suka fi ruɗewa. Ta kamu ana sa ta kafin a fara, abin da ta ƙi ya tafi ke nan: tcp port 9090. Ta nuni tana can sama bayan an fara, ɓoyewa kawai take yi: tcp.port == 9090. Rubutunsu daban ne, in ka sa na wannan a gurbin wancan akwatin zai yi ja. In ka fi son tasha (terminal):

sudo tcpdump -i lo -nn -X tcp port 9090

-nn yana hana shi mayar da lambobi sunaye, -X yana nuna abin da ke cikin fakitin. Ƙara -w gwaji.pcap in kana son ajiye shi ka buɗe a Wireshark daga baya.

Fara kamu tukuna, sannan saba, sannan mai kira. Fakitoci uku na farko gaisuwa ce: SYN daga mai kira, SYN-ACK daga saba, ACK daga mai kira. A Linux tsawonsu yakan zama bayit 74, 74 da 66. Wannan 66 ka san inda ya fito: 14 na kan Ethernet, 20 na IP, 32 na TCP, wato 20 na asali da 12 na zaɓin hatimin lokaci. Don haka fakitin "sannu" zai zama 71. Lura kuma cewa ƙofar mai kira ba kai ka zaɓa ba, kanel ce ta ɗauko daga tsakanin 32768 da 60999. Kuma in tcpdump da -vv ya ce maka lissafin tantancewa (checksum) na TCP ba daidai ba ne, kada ka damu: an kama fakitin ne kafin a cike wannan gurbin, aikin da akan bar wa katin sadarwa.

Malama_Bayit:

Malam Mai_Kebul ya gama da kamun. Ni maganar mannewar nan zan tsaya a kai, ɗan'uwa, domin ita ce wadda in ba ka gane ta yanzu ba za ta biyo ka cikin kowane shiri da za ka rubuta.

TCP bai san saƙo ba. Bayit kawai ya sani, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwa a bututu. Alkawarinsa shi ne za su isa a jere, babu wanda ya ɓace ko ya maimaitu. Bai yi alkawarin cewa send biyu za su zama recv biyu ba. Lambar 1024 da ka ba recv iyaka ce ta sama: yana iya ba ka bayit 1, ko 5, ko 14.

Duba kamunka. Mai yiwuwa za ka tarar da fakitoci biyu daban: na farko Seq=1 Len=5, na biyu Seq=6 Len=9, sai amsar ƙarshe Ack=15. Ke nan a kan hanya ba su manne ba. A rumbun karɓa na kanel suka taru kafin shirinka ya zo ɗiba, sai recv ya kwashe duk abin da ya tarar. Shi ya sa TCP_NODELAY da wasu za su ba ka shawara ba zai warkar da wannan ba. Shi tsarin Nagle, mai tara ƙananan saƙonni kafin a tura su, yake kashewa a wajen mai aikawa, matsalarka kuwa tana iya faruwa a wajen mai karɓa. Haka sa time.sleep tsakanin saƙonnin: rufe ciwo ne, ranar da layi ya yi nauyi zai dawo.

Maganin shi ne kai ka shata iyakar saƙo. Ko ka ƙare kowanne da alamar sabon layi, ka riƙa tarawa har ka gan ta, ko ka sa tsawonsa a gabansa. Na biyun ya fi, domin yana ɗaukar kowane irin bayani, har hoto:

jiki = rubutu.encode('utf-8')
s.sendall(struct.pack('!I', len(jiki)) + jiki)

'!I' na nufin lamba mai bayit 4, babban bayit a gaba, yadda ake jera lambobi a kan hanyar sadarwa. A Wireshark za ka ga 00 00 00 05 73 61 6e 6e 75: biyar, sannan s-a-n-n-u. Yi amfani da sendall, domin send yana iya aika wani ɓangare kawai ya dawo maka da adadin da ya aika.

Ga abin da ya shafi mai rubuta Hausa kai tsaye. Auna tsawon bayan encode, kada ka auna kafinsa. Haruffa masu lanƙwasa bayit biyu-biyu ne a UTF-8: ƙ shi ne c6 99, ɗ kuma c9 97. Kalmar "ƙasa" haruffa 4 ce amma bayit 5. In ka aika 4 a matsayin tsawo, mai karɓa zai karanta "ƙas", ragowar "a" ta shiga cikin lambar tsawon saƙo na gaba, daga nan komai ya rikice. Kuma in kana yin decode a kan kowane recv, wata rana yankan zai faɗa tsakanin c6 da 99, Python ya jefo maka UnicodeDecodeError. Wanda ya gwada da "sannu" kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba, don haka sa "ƙoƙari" da "ɗalibi" cikin gwajinka.

Wajen karɓa:

def karanta(s, n):
    tari = b''
    while len(tari) < n:
        guntu = s.recv(n - len(tari))
        if not guntu:
            raise ConnectionError('an rufe')
        tari += guntu
    return tari

Kira shi da 4, ka warware da struct.unpack, ka sake kiransa da tsawon da ka samu, sannan decode. Layin "if not guntu" wajibi ne. recv yana dawo da b'' ne idan ɗaya ɓangaren ya rufe, wato FIN, fakitin rufe haɗi, ya iso. In ka cire layin, zagayen ba zai ƙare ba, zai cinye maka firosesa. Sa wa tsawon iyaka ma, misali ka ƙi duk abin da ya wuce megabayit 1, kada wani ya turo maka ff ff ff ff ka zauna jiran gigabayit 4.

Ɗan_Koyo:

Na gode, Malam, na gode, Malama. Na kama a lo, fakitoci biyu ne kuwa, Len=5 da Len=9. Saura maganar ƙofar da ke ƙin buɗuwa. Kuma na gwada kira daga wata kwamfutar da muke kan Wi-Fi ɗaya, bai shiga ba.

Tsohon_Unix:

Ɗana, ɓangaren da ya fara rufe haɗi shi ke shiga yanayin TIME_WAIT. Da ka danna Ctrl+C alhali akwai mai kira a haɗe, sabar ce ta fara aika FIN, ka duba ƙarshen kamunka. Linux yana riƙe wannan haɗin daƙiƙa 60, don kada fakitin da ya makara a hanya ya faɗo cikin sabon haɗi mai lambobi iri ɗaya, kuma don a iya sake amsa FIN idan ACK na ƙarshe ya ɓace. Za ka gan shi da ss -tan state time-wait. Sa wannan layin kafin bind, bayansa ba shi da amfani:

s.setsockopt(socket.SOL_SOCKET, socket.SO_REUSEADDR, 1)

In ka sa kuma kuskuren bai tafi ba, tsohuwar sabar tana raye. Yawanci Ctrl+Z aka danna, shi kuwa dakatarwa yake yi, ba ya kashewa. ss -ltnp zai nuna maka lambar shirin da ke riƙe da 9090. A Windows ma'anar SO_REUSEADDR ta bambanta, yana iya barin wani shiri ya hau ƙofar da kake sauraro a kai, don haka kada ka kwafe layin can ido rufe. Daga Python 3.8 akwai socket.create_server wanda ke kula da wannan bambancin.

Kira daga wata kwamfuta ba zai shiga ba muddin ka ɗaure a 127.0.0.1, domin wannan adireshin na cikin gida ne kawai. Ɗaure a 0.0.0.0, ka nemo adireshinka da ip addr, mai kira ya yi amfani da shi. Yanzu katin Wi-Fi za ka kama, kuma ka kama a kwamfutocin biyu lokaci ɗaya, domin yadda ya gaza shi ke faɗa maka dalili. In SYN ya tafi, RST, fakitin ƙin haɗi, ya dawo nan take, Python ya ce "Connection refused", to hanya lafiya take, babu mai sauraro ne a wannan adireshi da ƙofa. In SYN ya yi ta maimaituwa babu amsa har kusan minti biyu, wani abu ke zubar da shi. Ya bayyana a kamun saba amma ba a amsa ba? Katangar tsaro ce, sudo ufw allow 9090/tcp. Bai bayyana ba sam? Ko adireshin ba daidai ba ne, ko na'urar Wi-Fi ɗin tana hana masu amfani da ita ganin juna, kamar yadda ake saita ta a wuraren jama'a da yawa. A wannan halin sau da yawa ko SYN ɗin ba zai fita ba: sa rariyar arp, za ka ga mai kira yana ta tambayar wa ke da wannan adireshi, babu mai amsawa.

Za ka kuma lura MSS, mafi yawan bayit ɗin saƙo da fakitin TCP ɗaya ke ɗauka, ya sauka daga 65495 da ka gani a lo zuwa 1460, wato 1500 na iyakar fakiti a cire 40 na kan IP da TCP. Aika saƙo mai bayit 100,000 yanzu, ka buga tsawon abin da kowane recv ya dawo da shi, za ka ga abin da Malama ta faɗa ta ɗaya fuskar: saƙo ɗaya yana isowa gutsure-gutsure. In ka ga fakiti ya fi 1514, wato 1500 da 14 na kan Ethernet, a kamun mai aikawa, an kama shi ne kafin katin ya yanka shi.

Duk wannan a kan na'urorinka da hanyarka za ka yi shi, ko inda aka ba ka izini a fili. Kuma idan ka gama gwaji, mayar da ɗaurin zuwa 127.0.0.1 ka rufe ƙofar da sudo ufw delete allow 9090/tcp, domin sabar nan ba ta tambayar kowa ko shi wane ne.