Neman suna ga jirgin da fiffikensa ya saje da gangar jikinsa

'Yan uwa masu aikin fassara, ga inda aka tsaya kan fassarar "blended wing body", sunan wani sabon fasalin jirgin sama a Turance, wadda ta hana ni sakat tun makon jiya.

Jirgin fasinja da muka saba gani bututu ne aka manna masa fikafikai. Fikafikan ke ɗaga shi, bututun kuwa kaya ne kawai, iska na ta turje masa. Wannan sabon fasali faffaɗan jiki gare shi, yana sirancewa sannu a hankali har ya koma fiffike. Gangar jikin ma tana taya ɗagawa, turjiyar iska ta ragu, shan mai ya ragu. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da kamfanin ƙera jirage na Boeing sun tashi ƙaramin samfurinsa, X-48B, a Kalifoniya a 2007, matuƙinsa na ƙasa yana sarrafa shi. Kamfanin ƙera jirage na Airbus ya nuna nasa, MAVERIC, a Singafo a 2020, da hasashen rage shan mai har kashi 20 cikin 100.

Wani malami ya ce a kira shi "mai haɗaɗɗen fiffike". Allah gafarta Malam, ai kowane jirgi fiffikensa a haɗe yake. Wata 'yar uwa ta kawo "fiffike zalla". Na so shi, sai dai yana da mai shi: irin jirgin B-2 na sojan Amurka, wanda kusan dukkansa fiffike ne. Namu yana da ciki sosai, kuma a nan wahalar take, don matsin iskar da fasinja ke shaƙa ya fi zama lafiya a bututu fiye da ɗaki mai faɗi, ga masu kujerun tsakiya nesa da taga.

"Narkakken fiffike" kam na ƙi shi. Mai sauraron rediyo zai ɗauka gobara aka yi.

Ni dai "saje" nake riƙe da ita. Idan baƙo ya saje da 'yan gari, yana nan, amma ba ka ware shi. An ce za a rikita da sajen fuska. To dubi mai saje da kyau, ka ɗora yatsa inda sumar kai ta ƙare sajen ya fara. Ba za ka iya ba, haka ma mahaɗar wannan fiffike.

Saboda haka a ambaton farko: jirgi mai fiffike saje da jiki. Daga nan sai a taƙaita, jirgin saje. Da shi zan miƙa fassarar gobe in Allah ya kai mu, sai fa in 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun ji wani abu dabam a kunnensu.